Girafin, MoS2, Baƙin Fosfaras ko Maksin: Wanne Ya Dace da Sensar Gas da Danshi?

Duk wanda ya zauna zai haɗa sensa, wato na'urar da ke gano gas ko danshin iska, da sinadaran nan masu falle-falle irin su girafin, MoS2, baƙin fosfaras da maksin, ɗalibi ne mai aikin bincike ko injiniya mai neman fitar da kaya kasuwa, sai ya tarar kowane sinadari da maroƙansa. Wannan an ce ya ji saukar ƙwayar gas guda ɗaya tak, wancan an ce yana amsawa kafin ƙiftawar ido. Ba ƙarya aka yi ba. Sai dai yawancin kirarin a ɗakin gwaji aka samo shi, inda iskar busasshiya ce, gas ɗin iri ɗaya ne, sensar kuma ba ta fi kwana biyu da haɗawa ba. A ganina mai zaɓe ya jingine batun kaifin ji tukuna, ya fara tambayar yadda sinadarin zai kwashe da ruwan da ke cikin iska, da halin da za a same shi bayan wata shida.

Abin da ya jawo rububin ba ɓoyayye ba ne. Bakin fensir girafait ne, shi kuwa girafait falle ne kan falle kamar shafukan littafi. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Mancesta a Ingila suka yi ta ɓare shi da salatif har suka kai ga falle ɗaya mai kaurin atom guda, kimanin nanomita 0.34 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Shi ne girafin, shi kuma ya ba su kyautar Nobel a 2010. Falle irin wannan ba shi da ciki, duk jikinsa waje ne. A lissafi, giram ɗaya nasa yana da faɗin murabba'in mita 2,630. Ƙwayar gas tana sauka a kansa, ta ba shi elektiron ko ta karɓe nasa, turjiyarsa ga wutar lantarki ta sauya, na'ura ta karanta. Tsohuwar sensar SnO2, wato oksayid ɗin kuza, wadda Naoyoshi Taguchi na Japan ya fito da ita a shekarun 1960, sai an gasa ta tsakanin digiri 200 zuwa 400 na ma'aunin Selshiyas kafin ta yi aiki, hitar kuwa ita ke shanye batir. Waɗannan fallayen a zafin ɗaki suke aiki. To amma jikin da yake a buɗe ga gas, a buɗe yake ga komai.

Abubuwan da za a auna

Na farko danshi ne, ko da gas kake nema. A ɗaki mai zafin digiri 25 da danshi kashi 50 cikin ɗari, tururin ruwa ya kai kusan kashi 15,600 cikin miliyan na iskar. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a 2021 ga NO2, gas ɗin da ke fita daga salansar mota da injin dizal, ita ce maikirogiram 25 a kowace kubik mita a matsakaicin yini guda, wato wajen kashi 13 cikin biliyan. Ka ga ke nan kowace ƙwayar NO2 da kake farauta tana tafe ne cikin ƙwayoyin ruwa sama da miliyan ɗaya, kuma dukkansu wurin sauka ɗaya suke nema. Ga mai sensar danshi wannan garaɓasa ce. Ga mai sensar gas, nan gizo ke saƙa.

Na biyu farfaɗowa. Kamawa ba wuya, sakin ne aiki. Gas kamar NO2 yakan maƙale a jikin falle a zafin ɗaki, sensar ta yi minti da yawa, wani sa'in sa'o'i, ba ta koma inda ta tashi ba. Idan sai ka sa mata hita kafin ta saki, ribar rashin cin batir ta ragu.

Na uku tsufa: shin karatun da take bayarwa yau a iska mai tsabta shi za ta bayar watan gobe, ko kuwa tana gocewa a hankali? Na huɗu tantancewa, wato bambance wannan gas da wancan. Sannan kaifin ji ya biyo baya, tare da tsada, sauƙin haɗawa, da haɗarin sinadaran da za ka taɓa kafin ka samu fallen a hannu. Wannan na ƙarshen masu talla ba sa ambatonsa, alhali a wasu lokutan shi kaɗai ya isa ya yanke maganar.

Girafin tsantsa

A 2007 tawagar Mancesta ta nuna cewa girafin yana iya jin sauka da tashin ƙwayar NO2 ɗaya-ɗaya, saboda wutar da ke bi ta cikinsa ba ta da hayaniya, wato karatunta ba ya rawa da kansa. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, a gwajin nan sai da aka ɗumama shi zuwa digiri 150 a wurin da aka zuƙe iska kafin ya koma yadda yake. Ga kuma wata: NO2 tana rage turjiyarsa, amoniya tana ƙara ta, ruwa kuwa ɓangaren NO2 yake bi. Hadari ya taso, danshi ya hau, sensarka ta ce maka hayaƙi ya ƙaru.

Akwai abin da ya fi wannan ban mamaki. A 2009 masu bincike a Jami'ar Pensilbaniya suka wanke girafin tas daga dattin roba da aikin haɗawa ke bari a kansa, sai suka ga jinsa ya ragu ƙwarai. Ashe dattin ne ke riƙe gas ɗin. Falle mai santsi wanda ba shi da tabo ba ya ba ƙwayar gas wurin kamawa sosai, don haka ainihin aikin yana ga tabo, gefe, da abin da aka shafa masa.

Wajen daɗewa kuwa ba shi da na biyu a cikin 'yan uwansa, ba ya ruɓewa a iska. Tsadarsa tana ga hanyar samu. Mai kyau ana tsiro da shi ne a kan fallen tagulla da iskar metan a zafin da ya kusa digiri 1,000, sannan a ɗago shi a mayar kan wani abu ba tare da ya yage ko ya yamutse ba. Ana sayar da shi a shirye, amma da santimita ake aunawa.

Girafin oksayid da ɗan'uwansa rGO

Nan ne araha take. Ana dafa garin girafait da asid da famanganet, hanyar da Hummers da Offeman suka wallafa tun 1958, a samu falle mai ɗauke da atom-atom na oksijin a manne ko'ina a jikinsa. Shi ne girafin oksayid, da ake taƙaitawa GO. Yana bajewa cikin ruwa ya zama tawada mai launin ƙasa, a ɗiga ta ko a fesa ko a buga da firinta a kan roba, gilashi ko takarda.

A bushe GO kusan ba ya ɗaukar wuta. Da ruwa ya shiga tsakanin fallayensa sai su kumbura, tazararsu ta tashi daga kusan nanomita 0.7 zuwa sama da 1, furotan, wato ƙwayoyin haidirojin masu caji, su riƙa tsalle daga wannan ƙwayar ruwa zuwa waccan, wuta ta samu hanya. Idan ka haɗa siririn fim ɗinsa da mitar auna wuta ka huro masa numfashi, za ka ga lambar ta yi tsalle kafin ka rufe baki, ta kuma sauko da ka kau da kai. A 2013 masu bincike na kamfanin Nokia a Kambirij suka auna amsawa da farfaɗowa na kusan milisakan 30 a fim mai siranta ƙwarai. Sensar danshi ta roba da ke cikin kayan kasuwa takan ɗauki daƙiƙoƙi.

Sharuɗɗansa uku ne, kuma wanda ya tsallake su zai ɗora wa sinadarin laifin da ba nasa ba. Fim ɗin ya zama siriri, domin mai kauri yana riƙe ruwa, karatunsa lokacin da danshi ke hawa ya saɓa da na lokacin da yake sauka. A auna shi da wuta mai kai-komo, domin mai tafiya gefe ɗaya tana tara caji a bakin wayoyin, har ta sauya sinadarin kansa. A kuma kiyaye shi daga zafi da hasken rana mai ƙarfi, saboda suna zare masa oksijin a hankali, halinsa ya canza.

Gwada shi ba sai da kayan miliyoyi ba. Kwalba mai murfi da gishirin da aka jiƙa ya yi kauri kamar taɓo tana riƙe danshi a ma'auni sananne: LiCl kashi 11, MgCl2 kashi 33, gishirin NaCl kashi 75, K2SO4 kashi 97. Ka zagaya da sensar cikin kwalaben nan, hawa da sauka, ka maimaita bayan mako huɗu. Abin da za ka gani ya fi duk kirarin da ka karanta.

Idan aka cire wa GO wani kaso na oksijin ɗinsa, da zafi ko bitamin C ko haidirazin, sai ya koma baƙi mai ɗaukar wuta, a kira shi rGO. Tabon da ya rage a jikinsa shi ne wurin kamun gas, shi ya sa ya fi girafin tsantsa amsa wa NO2 da amoniya. Yana kuma karɓar haɗi: a barbaɗa masa faladiyom ya ji haidirojin, a gauraya shi da SnO2 ko ZnO, oksayid ɗin zinc, su yi aiki a ƙasa da zafin da suka saba. Aibinsa shi ne girkin yau ba ya zama daidai da na gobe, kowace sensa sai an daidaita ta ita kaɗai. Hanyar Hummers kuma ba wasa ba ce, haɗin famanganet da asid mai ƙarfi yana iya fashewa idan zafinsa ya wuce wajen digiri 55, haidirazin kuwa guba ne. Wanda ba shi da ɗakin gwaji mai zuƙe hayaƙi, ya sayi tawadar a shirye, ba ta da tsada.

MoS2 da danginsa

Wannan ma'adini ne na molibdenum da sulfa da aka daɗe ana zubawa cikin giris, saboda fallayensa suna zamewa kan juna. Abin da ya fi girafin da shi shi ne giɓin makamashi, shingen da elektiron zai tsallake kafin ya ɗauki wuta. A dunƙule giɓin kusan elektiron-bolt 1.2 ne, a falle ɗaya ya haura zuwa wajen 1.8. Girafin ba shi da giɓin ko kaɗan, kullum a kunne yake. MoS2 ana iya kunna shi a kashe; a 2011 tawagar Andras Kis a Lozan ta Suwizalan ta yi tiransisto, wato makunnin lantarki ɗan mitsitsi, da falle ɗayansa. Amfanin hakan ga sensa shi ne gas kaɗan yana kawo babban sauyi a wutar, kuma ana iya ƙara masa ji ko a rage ta ƙofar tiransiston, wayar da ke kunna shi da kashe shi.

Halinsa kishiyar girafin ne: NO2 tana ƙara turjiyarsa, amoniya tana ragewa. Mai dabara zai haɗa su biyun a na'ura ɗaya, ya duba inda kowanne ya karkata. Gefen falle ya fi tsakiyarsa kama gas, don haka fallayen da aka tsayar a miƙe ko aka tara kamar fure sun fi na kwance ji. Kuma kada son falle ɗaya ya ɗebe ka. Gwaje-gwajen farko sun nuna mai falle biyu zuwa 'yan kaɗan ya fi natsuwa, guda ɗayan karatunsa rawa yake yi.

Farfaɗowarsa a zafin ɗaki ba abin yabo ba ce, amma yana da mafita mai sauƙi: haske. Ƙaramin ƙwan LED a gefensa yana taimaka wa gas ya saki, kuma bai kai hita cin wuta ba. Danshi yana taɓa shi, yana kuma cin iska a hankali ta gefuna da wuraren haɗuwar falle, lamarin watanni ne ba kwanaki ba. Garinsa araha ne. Ana ɓare shi cikin ruwan sinadari da girgizar sauti, kodayake ruwan NMP da aka fi amfani da shi yana da illa ga haihuwa, sai da safar hannu da iska mai fita. Ɗan'uwansa WS2, na tungsten da sulfa, kusan halinsu ɗaya. SnS2 kuwa, na kuza da sulfa, ya yi suna wajen ware NO2 daga sauran gas idan an ɗan ɗumama shi zuwa wajen digiri 120.

Baƙin fosfaras

Ba zan daɗe a nan ba. Percy Bridgman ya samar da shi a 1914 da matsi mai tsanani, aka fara ɓare shi falle-falle don tiransisto a 2014. Jinsa ga NO2 ya kai 'yan kashi cikin biliyan, giɓinsa kuma yana sauyawa da kauri, daga elektiron-bolt 0.3 zuwa kusan 2. Amma ka bar siririn fallensa a sarari, oksijin da danshi da haske su haɗu a kansa, cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki za ka ga ƙananan ƙuraje sun feso a madubin ƙara girma, ɗigon asid ne, fallen yana narkewa. Ana rufe shi da wani falle don ya daɗe, to sensar gas da aka rufe, ta ina gas zai shiga? An gudu ba a tsira ba. Ga tsadar dunƙulensa, ga buƙatar rufaffen akwati da iska ba ta shiga, wanda ake aiki cikinsa ta safar hannu. Kayan mai bincike ne.

Maksin

Shi ne auta. A 2011 Michael Naguib da Michel Barsoum da Yury Gogotsi a Jami'ar Drexel ta Filadelfiya suka zare aluminiyom daga Ti3AlC2, haɗin taitaniyom da aluminiyom da kabon, da asid ɗin haidirofulorik, wato HF, suka bar fallayen taitaniyom da kabon. Haɗin halinsa ba a saba gani ba: yana ɗaukar wuta kusan kamar ƙarfe, yana kuma son ruwa kamar GO. A 2018 masu bincike na cibiyar KAIST ta Koriya ta Kudu da na Drexel suka nuna yana jin tururin asiton da barasa da makamantansu a kashi 50 zuwa 100 cikin biliyan a zafin ɗaki. Sauyin turjiyar kansa ƙarami ne, amma tun da wutar ba ta da hayaniya, ana ganinsa sarai. Irin waɗannan tururin ne girafin da MoS2 ba sa ji sosai, nan ne maksin ya sha gabansu.

Tantancewa ce ba shi da ita: kusan duk gas ɗin da ya zo, turjiyar hawa take yi. Ruwa kuma yana kumbura fallayensa, wanda ya sa ya dace da bin numfashi ko kusantowar yatsa, ya kuma sa auna asiton a numfashin mutum, da danshinsa ya haura kashi 90, ya zama jan aiki. Sannan ga tsufa. Tawadarsa sabuwa baƙa ce mai ɗan ratsin kore. A bar kwalbar a kan tebur 'yan makonni, sai ta dusashe, ta yi fari-fari da laka a ƙasa, taitaniyom ɗin ya haɗu da oksijin ya koma TiO2. A firji, cikin duhu, an kore iska da gas ɗin agon, takan ƙara daɗewa, busasshen fim kuma ya fi tawada juriya.

Batun HF kuwa ba na ragi ba ne. Asid ne da ke ratsa fata ba tare da zafi nan take ba, ya je ya kama kalsiyom ɗin jiki. Hanyar gishirin LiF da asid ɗin HCl da ta zo a 2014 ta rage haɗarin, amma HF ɗin ne dai ke samuwa a cikin tukunyar.

| Sinadari | Inda ya fi ƙarfi | Farfaɗowa | Daɗewa a iska | Tsada | Haɗari wajen haɗawa |
|---|---|---|---|---|---|
| Girafin tsantsa | NO2, amoniya, idan an shafa masa wani abu | A hankali, sai da zafi ko haske | Mai kyau ƙwarai | Babba | Zafi mai yawa, gas mai kama wuta |
| GO | Danshi | Nan take a siririn fim | Matsakaici, zafi na ɓata shi | Ƙarama | Babba idan kai za ka dafa |
| rGO | NO2, amoniya, haɗi da wasu | A hankali | Mai kyau | Ƙarama | Ya danganta da hanya |
| MoS2, WS2, SnS2 | NO2, amoniya | A hankali, haske na taimakawa | Watanni | Ƙarama zuwa matsakaiciya | Matsakaici |
| Baƙin fosfaras | NO2 mai ƙaranci ƙwarai | Matsakaiciya | Sa'o'i zuwa kwanaki idan ba a rufe ba | Babba | Sai akwatin da ba iska |
| Maksin | Asiton, barasa, amoniya, danshi | Gwargwado | Makonni a tawada, ya fi haka a fim | Matsakaiciya zuwa babba | Babba, HF |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Idan abin da kake so shi ne bin saurin numfashi a takunkumi, ko allon da ke jin yatsa ba tare da an taɓa shi ba, ɗauki GO. A nan sauri ake nema, ba a damu da ko danshin kashi 62 ne ko 65 ba, kuma raunin tsufansa ba zai cuce ka ba. Maksin ma zai yi, musamman idan kana son fim mai lanƙwasa da zai yi aiki da ƙaramar da'irar lantarki, tun da ba ya buƙatar mita mai auna turjiya mai girman gaske. Amma idan danshin sito ko na ɗakin ajiyar magani za ka riƙa rubutawa shekara da shekaru, sensar roba ta kasuwa, irin wadda kamfanin Vaisala na Finlan ya fara fitarwa a 1973, ita ce taka. Ta fi jinkiri, ta fi riƙon amana.

Mai auna gurɓatar iska a waje da na'ura mai batir, MoS2 ko SnS2 ko rGO da aka haɗa da oksayid ɗin ƙarfe su ne abin dubawa. Ni MoS2 da ɗan ƙwan haske nake fifitawa, da sharaɗin a dasa sensar danshi da ta zafi a gefensa a riƙa gyara karatun, a kuma kai na'urar kusa da ma'auni amintacce lokaci-lokaci a daidaita.

Ɗalibi mai ƙaramin kasafi ya fara da tawadar GO da aka saya. Daga kwalba ɗaya zai samu sensar danshi, ya gasa wani ɓangaren ya samu ta gas, ya kuma ga duk matsalolin da aka zayyana a sama da idonsa. Wanda ke da cikakken ɗakin gwaji kuma tururin asiton ko barasa yake bi, maksin ya cancanci wahalarsa, amma ya shirya jera sensa uku ko huɗu masu hali daban-daban, manhaja ta karanta su tare, domin guda ɗaya ba za ta gaya masa sunan gas ɗin ba. Girafin tsantsa na wanda ke da abin da zai shafa masa ne, sinadarin da ke kama gas ɗaya tak, yana neman shimfiɗa mai natsuwa da ba ta ruɓewa. Baƙin fosfaras na mai binciken yadda za a hana shi ruɓewa ne.

Saura mai neman ƙararrawar yoyon gas ɗin girki ko ta hayaƙin CO mai kisa a rufaffen ɗaki. Wannan kada ya ɗauki ko ɗaya daga cikinsu. Metan da bututan da furofen ba sa musayar elektiron sosai da waɗannan fallaye a zafin ɗaki, CO ma jinsa da rauni idan ba a yi wa fallen haɗi ba. Ya sayi ƙararrawa mai shaidar hukumar inganci, mai SnO2 ko mai hasken infrared don gas mai kama wuta, mai ƙwayar lantarki da sinadari don CO, ya kuma duba ranar ƙarewar aikinta da ke rubuce a bayanta.